Zan kai yara su ga teku a dogon hutun nan, ina neman shawararku

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai wata niyya da na daɗe ina juyawa a raina, yau dai na ce bari in kawo ta gabanku. Bara da muka je biki Yawuri, Ummi ta tsaya bakin Kwara tana kallon ruwa, sai ta ce mini, "Baba, duk ruwan nan ina yake tafiya?" Na ce teku. Ta ce mene ne teku. Na yi ta kwatance da hannu, na ga yarinya ba ta gane ba. Tun ranar nake son in ɗauke su da uwarsu mu tashi daga Birnin Kebbi da mota har Legas, mu bi gaɓar teku zuwa Badagiri, in hali ya yi mu tsallaka Kwatano. Yara huɗu ne, babban shekararsa 13, Ummi 10, mai bi mata 7, auta 3. Motar Sienna ce, lafiyarta lau. Kwana goma nake da su a watan Agusta. Wanda ya taɓa yin irin wannan tafiya da iyali ya taimaka mini da abin da ya sani.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni ban goyi baya ba. Yaro ɗan shekara 3 a kan hanyar Kwantagora da damina? Ba mu manta sace ɗaliban da aka yi a Birnin Yawuri a 2021 ba, ba mu manta ambaliyar Makwa ta 2025 ba, wadda ta ci mutane fiye da 150 ta kuma katse hanya. Ga filin jirgi nan a Ambursa. In kuɗin bai kai na mutum shida ba, ka ɗauki manyan biyu ku je ku dawo, ka bar mini ƙanana da uwarsu. Teku ba gudu za ta yi ba.

Kawu Direba:
Hajiya tana da gaskiyarta, amma bari in yi magana a kan abin da na sani, don shekara 22 na yi ina jigila tsakanin Jega da Ikko kafin gwiwa ta zaunar da ni. Hanyar ita ce Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Makwa, Jabba, Ilori, Ogbomosho, Oyo, Badun, sannan Legas. Ta kusa kilomita 900. Mu 'yan haya mukan haɗiye ta a zama ɗaya, amma kai da iyali kada ka kuskura. Ka raba ta biyu. Ka yi asuba a gida, ka bari gari ya waye tukuna, ka fita lokacin da motocin tasha suka fara fita ku tafi a jere. Kada ka zama kai kaɗai a daji, kada kuma magariba ta same ka tsakanin Yawuri da Makwa ko da me. In la'asar ta yi ba ka tsallake gadar Jabba ba, ka nemi masauki a inda kake. In ka tsallake da wuri, Ilori ce wurin kwana, garin Musulmi ne, abinci da masallaci ba za su ba ka wahala ba.

Kafin ka tashi ka kai motar wurin bakanike ya duba birki, fanbel da lagireto. Taya huɗu masu kyau, safaya biyu in za ka iya, don ramukan damina ba sa yi wa taya gargaɗi. Tsakanin Makwa da Jabba tirela da tanka ne suka mallaki titi, kada ka yi gardama da su. Kuma jajibirin tafiya ka leƙa tasha ka tambayi direbobin da suka shigo ranar, su ne jaridar hanya, sun fi duk abin da za ka gani a waya.

Baban Ummi:
Hajiya, na gode, Allah ya ƙara girma. Wallahi tsoron da kike ji ina jinsa. Na yi lissafin jirgi, mu shida zuwa da dawowa ya ninka kuɗin mai sau da yawa, ko da yake man ma tun da aka cire tallafi a 2023 ba sauƙi gare shi ba. Bayan haka ina son su ga yadda ƙasa take canjawa da idonsu, daga gonakin shinkafarmu har inda kwakwar manja take fara bayyana. Wanda ya shiga jirgi gajimare kawai ya gani. Kawu, na rubuta duk abin da ka faɗa.

Maman 'Yan Biyu:
Yaya, mu mun yi wannan tafiya shekara biyu da suka wuce, daga Zuru muka tashi. Ina roƙonka abu ɗaya, ka zauna da Maman Ummi ku tsara tare, domin kai sitiyari za ka riƙe, ita kuwa yara huɗu za ta riƙe. Tun kafin mu kai Kwantagora ɗaya daga cikin 'yan biyuna ta fara amai, ni kuma ban tanadi leda ko ɗaya ba, da ɗankwalina na tare. Daga nan na koyi darasi. Leda da yawa a aljihun kujera, kayan canji na kowane yaro a jaka daban kusa da hannu ba cikin but ba, lemun tsami da 'yar citta. Kada a cika musu ciki da maiƙo kafin a tashi, kada kuma a ba su waya suna kallo mota na tafiya, shi ke kawo jirin. Duk bayan awa biyu a tsaya a gidan mai da ke cikin gari su miƙe ƙafa su yi fitsari. Kowa ya ɗaura bel, autan ma kada a ɗora shi a cinya a kujerar gaba.

Guzuri kuwa, dambun nama da soyayyen nama da cincin da dabino sun cece mu, ga garin kunu da fulas na ruwan zafi. 'Ya'yana sun ƙi abincin can kwana biyun farko saboda barkono da manja. Ku tafi da gidan sauro da maganin zazzaɓi da gishirin haɗin zawo.

Amma fa in gaya maka, lokacin da muka hau gadar nan ta uku a Legas, mai tsawon kusan kilomita 12, yara suka yi tsit suna kallon ruwa hagu da dama, ga gidajen katako tsaye a kan ƙafafu cikin ruwa. Suka ce ita ce tekun? Babansu ya ce a'a, wannan tafki ne kawai. Washegari da muka isa bakin tekun sosai, tun daga nesa muke jin rugugi kamar hadari na tahowa. Ƙaramar ta ƙanƙame zanena ta ƙi saki. Babbar ta dangwali ruwan da yatsa ta lasa, ta tofar, ta ce wa ya zuba gishiri haka. Har yau suna ba ƙawayensu labarin.

Ɗan Argungu:
To ni nan ne maganata take, ku saurara da kyau don Allah. Mu da munka tashi bakin Matan Fada muna ganin ba ruwan da za shi ba mu tsoro. Ni tun ban kai shekara bakwai ba nike nutso. Shekarun da na yi ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 ta Legas, wata Lahadi munka tafi bakin teku da wani ɗan ɗan'uwana mai shekara 15, shi ma gwanin iyo. Munka zaɓi wani wuri da ruwan ya yi lumui, babu kumfa, ya ɗan fi sauran duhu, munka ce nan ya fi daɗin shiga. Ashe nan ne mugun wurin. Raƙuman ruwa in sunka zubo kan yashi, ruwan dole shi nemi hanyar komawa, sai ya haƙa wani kwari ƙarƙashi ya bi ta nan da gudu ya koma ciki. Daga sama sai ka ga wurin kwance. Yaron ruwa bai wuce ƙugunshi ba, kafin in ƙifta ido ya yi nisa, shina ta iyo zuwa gaɓa ruwa na mai da shi baya. Masunta ne sunka shiga da jirgi sunka fito da shi. Su ne sunka gaya muna cewa wanda ruwan nan ya ja kada shi yi kokawa da shi, shi bi gefe, layin gaɓa, har shi fita daga bakin kwarin, sannan shi nufo tudu.

Baban Ummi, wanga yaro naka mai shekara 13 shi na fi ji ma. Ƙanana tsoro za shi tsare su, shi ko zuciya za ta ɗebe shi. Kuma Agusta lokacin haukan teku ne a can, ruwan da sanyi, igiyar da ƙarfi. Su tsaya inda ruwa ke taɓa idon sawu, hannunsu cikin naka. Ko a nan za su ji yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafarsu in ruwa zai koma. Kada kowa shi ba teku baya don ɗaukar hoto.

Hajiya Babba:
Innalillahi. Kun ji ko? Ga hanya, ga ruwa.

Maman 'Yan Biyu:
Hajiya, gaskiya ne, amma ai ko a Yawuri da Warra ruwa na cin mutane, ba mu daina shiga kwalekwale ba, rigar ruwa muka koyi nema. Mu ba wanda ya shiga tekun, a yashi suka yi wasa suna tsintar ɓawon dodon koɗi, suna bin ƙananan ƙaguwa masu gudu a kaikaice.

Ɗan Kasuwa na Kamba:
Ni shawarata a ɗaga zuwa Disamba. Hanya ta bushe, teku ta fi kwanciya. Me ake gaggawa?

Baban Ummi:
Na duba wannan, Alhaji. Hutun Disamba bai wuce mako biyu zuwa uku ba, kuma lokacin ne masauki ke tsada a Legas, hanyar Badun ta cushe da masu tafiya Kirsimeti. An kuma ce mini ruwan sama a can ya fi yawa a Yuni da Yuli, yakan ɗan ɗauke a Agusta. Tunda ba wanka za mu je yi ba, kallo ne, na fi karkata ga Agustan.

Ɗan Kasuwa na Kamba:
To shi ke nan. Sai maganar tsallakawa, wannan kam gonata ce. Daga Badagiri zuwa iyakar Seme ba nisa, amma shingaye sun yi yawa, kuma mota mai lambar Arewa cike da kaya tana jan ido. Kowa ya zama da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, har jariri, da katin allurar shawara mai ruwan ɗorawa. Motar kuma tana da nata takardun, inshorar ECOWAS da takardar izinin shiga da ita. Wata shekara na je da takarduna cif, wani mai shinge ya riƙe ni awa biyu a rana a kan abin da bai iya faɗa ba, iyalina na cikin mota. Ban so ka ga haka da yara. In ka ji tawa, ka ajiye motar a masaukinka na Badagiri, ku tsallaka da ƙafa ku ɗauki shatar mota a can. Seme zuwa Kwatano ƙasa da awa ɗaya ne in ba cunkoso. Ka canji sefa tun kafin ka shiga. Ka sauka a Zongo, Hausa za ka ji ko'ina, ga tuwo ga masallaci, har mutanen Gaya da Kamba za ka tarar. Ka kai Maman Ummi kasuwa ta ga atamfa. Daga Kwatano zuwa Wida kimanin kilomita 40 ne, akwai hanyar da ke bin bakin teku, kwakwa a jere, masunta na jan koma su ashirin su talatin suna waƙa. Wannan yaran ba za su manta da shi ba. Lome kuwa ka bar ta sai wani jiƙon, kwana goma ba za su ɗauka ba.

Malamin Tarihi:
Na daɗe ina karanta ku, bari in saka baki, don abin da ya fi damuna ba a taɓo shi ba. Baban Ummi, tafiyar nan da za ka yi tsohuwar hanya ce, juya ta kawai za ka yi. A ƙarshen 1825 Baturen nan Klafaton a Badagiri ya sauka, ya ratso ƙasar Yarabawa har Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a can ya mutu a 1827. A 1830 yaronsa Landa da ƙaninsa suka sake tashi daga Badagiri, suka zo Busa, suka hau har Yawuri suna neman takardun Mungo Park, Baturen da ya mutu a Busa yana binciken Kwara, sannan suka bi Kwara a jirgin ruwa har ta kai su teku. Tambayar da Ummi ta yi maka a Yawuri ita ce Turawa suka yi shekaru suna mutuwa a kan neman amsarta. Ka gaya mata haka in kun iso gadar Jabba, ka ce ruwan nan da ke ƙarƙashinmu shi ne wanda kika gani a Yawuri.

A Badagiri za a nuna muku bene na farko, wanda 'yan mishan suka gama ginawa a 1845. Wannan kallo ne mai sauƙi. Mai nauyin shi ne gidan Seriki Abass, inda ake tsare bayi a ƙananan ɗakuna masu 'yar taga ɗaya can sama, da sarƙoƙi da marin da iyalin Mobi suka adana. Na ɗaga wata sarƙar wuya da hannu biyu, da ƙyar na riƙe ta. Daga nan a tsallaka da ku a kwalekwale zuwa tsibirin Gberefu, ku taka yashi har bakin teku, inda ake loda mutane ba su sake dawowa. A Wida ma akwai irin wannan wuri, da wata ƙofa da aka gina a 1995 don tunawa.

Kada yaran su ɗauka labarin wasu ne can. A cikin waɗanda aka fitar ta gaɓar nan akwai Hausawa da yawa. A Bahiya ta ƙasar Birazil bayi Hausawa sun shirya tawaye a 1807, kuma a Ramadan na 1835 Musulmi bayi, Yarabawa da Hausawa, sun tashi a birnin Salbado, aka samu layu da takardu da rubutun Larabci a jikinsu. Wasunsu almajirai ne irin namu, sun yi karatun allo kafin a kama su.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma a nan zan saɓa maka kaɗan. Mu mun shiga ɗakunan nan da 'yan biyu suna shekara 6, mai bayanin kuma bai rage komai ba, har abin da ake huda leɓe da shi ya nuna musu. Mako guda ɗaya na farkawa da dare tana kuka. Babban da Ummi su shiga, ƙananan biyu su tsaya waje da uwarsu su sha ruwan kwakwa.

Malamin Tarihi:
Na karɓi gyara a kan autan da mai shekara 7. Amma Ummi ta shiga, kuma a bar ta ta yi tambaya. In ta ce wa ya sayar da su, a gaya mata gaskiya, har da hannun mutanen ƙasar nan a ciki. Seriki Abass ɗin kansa an taɓa bautar da shi yana yaro, ya dawo ya zama dillali.

Hajiya Babba:
Ni dai kwalekwalen nan na tsibiri, kowa da rigar ruwa, in babu kada a shiga.

Liman na Unguwa:
Abu biyu a taƙaice. Tafiyar ta wuce mil 48, don haka akwai ƙasaru, azahar da la'asar da isha raka'a bibbiyu, kuma za ku iya haɗa salla in tafiya ta yi tsanani. Amma duk garin da kuka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, ku cika. Ka koya wa babban wannan a aikace, ya fi zama a kai. Na biyu, abin da ya fito daga teku halal ne, kifi ne ko jatan lande ko ƙaguwa, ruwanta kuma ana alwala da shi. Nama ne abin bincike, ku nemi na mahautanmu a Agege ko Idi Araba ko Obalende. Sannan ku je bakin ruwa da hantsi a ranar aiki. Yammacin Asabar da Lahadi akwai kiɗa da shaye-shaye da shigar da ba za ka so yara su gani ba.

Kawu Direba:
Allah gafarta Malam ya tuna mini. Legas kada ka shige ta da yamma, gosulo zai cinye ka yara na kuka. Ka tashi Ilori bayan asuba, azahar ta same ka a ciki. In tuƙin garin ya fi ƙarfinka ba abin kunya ba ne, ka ajiye mota ka ɗauki ɗan gari. Hanyar Badagiri ma da sassafe ake bin ta. Wannan sabon titi da aka ƙaddamar a 2024, na Sakkwato zuwa Badagiri, kilomita 1,068, da ya ratsa jiharmu, tun zamanin Shagari muke jin zancensa. Ranar da aka gama shi, tafiyar nan ba za ta buƙaci muhawara ba. Allah ya nuna mana.

Baban Ummi:
Amin, Kawu. Daren jiya na karanta wa Maman Ummi duk abin da kuka rubuta, ga abin da muka tsayar. Kwana biyu zuwa, mu kwana Ilori. Kwana biyu a Legas wurin ƙanena da ke Agege, kwana biyu a Badagiri. Kwatano da Wida sai in fasfon yaran ya fito kafin lokacin, in bai fito ba mu tsaya a Badagiri mu ƙara kwana. Ba tafiyar dare, ba wanda zai shiga ruwa ya wuce idon sawu. Na zaunar da babban na karanta masa labarin Ɗan Argungu sau biyu. Hajiya, maganar autan ce ba mu gama ba. Ni na so in bar miki shi, uwarsa ta ce ba za ta iya kwana goma ba ta gan shi ba.

Hajiya Babba:
To uwa ta fi ni iko. Ku biyo ta gida kafin ku tashi in yi musu addu'a, akwai dambun naman da zan sa a yi muku. Kuma duk garin da kuka sauka ka kira ni, ba saƙo ba, in ji muryarsu.

Ɗan Argungu:
In kun dawo ka cika muna gora guda da ruwan tekun. Ɗiyana sun ƙi yarda cewa akwai ruwan da ba a iya sha don gishiri.

Baban Ummi:
In sha Allahu za a cika. Kawu, ranar Alhamis zan kawo motar Jega, ka raka ni wurin bakaniken da ka yarda da shi.